Koyar da Ƙananan Yara Zane a Kwamfuta: Daga Riƙon Linzami Zuwa Ba da Umarni

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda ya kamata a koyar da yara 'yan shekara biyar zuwa takwas zane a kwamfuta a cikin aji, musamman a makarantun da na'urori suka yi ƙaranci, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas. Ta dogara ne a kan abin da masana suka gano game da matakan zanen yara da yadda hannun yaro ke sarrafa linzamin kwamfuta. Matsayinta shi ne, zane ya fi kowane darasi dacewa a fara da shi, bisa sharaɗin a bi shi daki-daki: a horar da hannu tukuna, a shiga siffofi, a wuce zuwa ado mai maimaituwa, daga nan yaro ya koyi ba kwamfuta umarni. Ta kuma ba da shawarar a ɗauko abin zanawa daga abin da idon yaro ya saba gani a gida da unguwa.

Gabatarwa



Tun a shekarar 2007 Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Najeriya, wato NERDC, ta sanya darasin kwamfuta a cikin tsarin karatun shekara tara na matakin farko. Da aka yi wa tsarin kwaskwarima a 2012, sai aka haɗe shi da darussan kimiyya da fasaha. A takarda ke nan. A cikin aji kuwa, abin da yawancinmu muka sani shi ne malami ya rubuta ma'anar kwamfuta da Turanci a kan allo, ya zana hotonta da alli, yara su kwafa, su haddace sunayen sassanta, ranar jarrabawa su mayar masa da abinsa. Yaro yakan ci maki cikakke a darasin kwamfuta alhali tafin hannunsa bai taɓa hawa kan linzami ba.

Sakamakon haka yakan bayyana ne bayan shekara goma ko fiye. Daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu ta kwamfuta gaba ɗaya, kuma a 2017 sai da ta fito da tsarin madannai takwas domin wanda bai iya riƙe linzami ba ya samu damar amsa tambayoyi. Ina ganin hukumar ta kyauta, domin bai dace yaro ya faɗi lissafin da ya iya ba saboda hannunsa na rawa. Amma abin ya kamata ya dame mu, mu masu koyarwa a firamare. Matashin da ya yi shekara goma sha biyu a makaranta ya tsaya yana kokawa da abin da ɗan shekara shida zai iya ƙwarewa a kai cikin zango guda, in da an ba shi dama.

Dalilin farawa da zane

Yaron da ke aji ɗaya ko aji biyu bai gama sanin haruffa ba, ballantana ya karanta umarnin da aka rubuta da Turanci a fuskar kwamfuta. In aka fara masa da buga rubutu, an haɗa masa wahala uku a lokaci guda: laluben harafi a cikin madannan da ba a jera su bisa abacada ba, tuna yadda ake rubuta kalmar, da fahimtar harshen da bai gama ji ba. Manhajar zane ba ta neman ko ɗaya daga cikinsu. Kayan aikinta hotuna ne, ga fensir, ga burushi, ga magogi, ga bokitin fenti, kuma da zarar ya motsa hannu zai ga abin da motsin ya haifar.

Zanen kansa kuma ba baƙo ba ne a wurinsa. Tun kafin a sa shi makaranta yake jan layi a ƙasa da tsinke, yake ɓata bangon gida da gawayi, 'yan mata kuwa sun iya shata gidajen 'yar gala-gala su fito daidai wa daida. Viktor Lowenfeld, a littafinsa na 1947, ya kasa zanen yara mataki-mataki. Daga shekara biyu zuwa huɗu jagwalgwalon layuka ne. Daga huɗu zuwa bakwai yaro ya fara ba abin da ya zana siffa da suna, ko da yake abubuwan na warwatse a takarda babu sama babu ƙasa. Daga bakwai zuwa tara sai ya tsayar da tsari, ya ja layin ƙasa ya jera gida da bishiya a kansa. Rhoda Kellogg, wadda ta tara zanen yara kimanin miliyan ɗaya, ta nuna a 1969 cewa jagwalgwalon nan yana da tushe iri 20, kuma daga cikinsu ne da'ira da murabba'i da alwatika ke fitowa. Ba lallai shekarun su zo daidai ga kowane yaro ba, amma jerin ya isa ya ja kunnen malami. Ɗan shekara biyar da ya zana gida yana shawagi a tsakiyar fili bai yi kuskure ba, matakin da yake ke nan, kuma kwamfuta ba za ta tsallakar da shi ba.

Horar da hannu

Mu manya mun manta wuyar sha'anin linzami, domin hannunmu ya riga ya saba. Mu dubi abin da ake nema wurin yaro. Hannunsa na tafiya a kan tebur, a kwance, idonsa kuma na kallon fuskar kwamfuta, a tsaye. In ya tura hannu gaba, kibiya sama take yi. In ya karkata linzamin kaɗan, hagu da dama sun rikice masa. In ya kai bakin tebur kibiya ba ta isa inda yake so ba, dole ya ɗaga linzamin ya dawo da shi tsakiya ya ci gaba, kuma yara kaɗan ne wannan dabara ke zo musu ba tare da an nuna ba. Wayar mahaifiyarsa da yake latsawa a gida ba ta shirya shi ga wannan ba, domin a can inda yatsa ya taɓa nan abin ke faruwa. Shi ya sa iyaye kan yi mamaki in aka ce musu ɗansu, wanda suka sani gwanin waya ne, ya kasa kai kibiya kan launin da yake so.

An auna wannan wahala. A 2004 Juan Pablo Hourcade da abokan aikinsa a Jami'ar Maryland ta Amurka suka gwada 'yan shekara huɗu da 'yan shekara biyar da manya wajen kai kibiya kan alama su danna. Alamomin girma uku ne, masu faɗin ɗigo 16 da 32 da 64. Dacen da manya suka samu a kan ƙaramar alama, ɗan shekara biyar bai kai shi ba sai a kan mai 32, ɗan shekara huɗu kuwa sai a kan mai 64. An kuma lura cewa kibiyar yara kan wuce alamar ta dawo, ta yi ta kai-komo kafin ta tsaya. Don haka yaron da ya danna ja alhali shuɗi aka ce, galibi ya ji umarnin sarai, ido da hannu ne ba su gama daidaita ba. Tsawa ba za ta ƙara masa komai ba sai rawar hannu.

Zane na neman abin da ya fi dannawa wuya, wato yaro ya danna, ya riƙe, ya ja, sannan ya saki. A nan masu bincike sun saɓa. Kori Inkpen, a Kanada a 2001, ta gano yara sun fi sauri da ƙarancin kuskure in aka bar su su danna abu su sake danna inda za su ajiye shi, maimakon su ja shi riƙe da maɓalli. Afke Donker da Pieter Reitsma, a Holan a 2007, da suka yi aiki da yara ƙanana, sun tarar da cewa yawancin kuskuren yana faruwa ne a farkon jan da ƙarshensa, ba a tsakiya ba. Ga mai koyar da zane, wanda ba shi da mafita sai ya koyar da ja, binciken na biyu ya nuna inda zai sa ido: wurin da yaro ya fara dannawa da wurin da ya ɗaga yatsa.

Saboda haka shawarata ita ce makonni biyun farko kada a ce wa yaro ya zana komai. A sa shi ya kai kibiya kusurwoyi huɗu na fuskar kwamfuta. A ba shi babban burushi ya cika filin da jagwalgwalo, sannan a ba shi babban magogi ya share. Sharewa na da daɗin koyarwa, domin jan linzami ne wanda babu faɗuwa a cikinsa. Daga baya malami ya ɗiga manyan ɗigogi biyu, yaro ya haɗa su da layi, a riƙa rage girmansu a hankali.

Akwai gyare-gyaren da ba sa cin kuɗin kirki. A shiga saiti a rage gudun kibiya, a ƙara girmanta. A manna 'yar takarda mai launi a kan maɓallin hagu, domin yatsan yaro na yawan faɗa wa na dama ya buɗe masa jerin rubutun da bai san yadda zai kore shi ba. A nemi ƙaramin linzami irin na kwamfutar tafi-da-gidanka, wanda zai shiga tafin ɗan shekara shida. In teburin mai sheƙi ne kibiya na tsalle, a shimfiɗa kwali mai duhu. Sai batun bahago, wanda nake so a ɗauke shi da muhimmanci. Al'adarmu ta fifita dama wajen ci da miƙa abu, kuma wannan na nan a muhallinsa. Amma linzami kayan aiki ne, yaron da hagunsa ta fi ƙarfi a mayar masa da shi hagu, a sauya maɓallan in da buƙata. Tilasta masa dama zai sa a ɗauke shi daƙiƙi a darasin da ƙila ya fi kowa iyawa.

Layi, siffa da bokitin fenti

In hannu ya fara faɗawa, sai a shiga kayan jan layi da na siffofi. Abin da yaro zai gane a nan shi ne, inda ya danna kusurwa ɗaya ce ta siffar, inda ya saki kuma kishiyarta. Kafin ya gane haka, akwatunansa za su riƙa fitowa inda bai nufa ba. A manhajar Paint, in aka riƙe madannin Shift yayin ja, mai kusurwa huɗu zai fito murabba'i sak, mai siffar ƙwai kuma ya zama cikakkiyar da'ira. Wannan shi ne karon farko da yaro zai yi aiki da hannu biyu a lokaci guda, don haka a jinkirta shi sai ya natsu.

Bokitin fenti ne nake so mu daɗe a kansa, domin a ganina babu darasin da ya kai shi daraja a wannan mataki. Yadda yake aiki shi ne, kwamfuta ta duba launin ɗigon da aka danna, ta sauya shi, ta wuce zuwa maƙwabtansa masu launi iri ɗaya, haka har sai ta ci karo da wani launi dabam. Ba ta san tulu ba, ba ta san gida ba, ɗigo kawai ta sani. Yaro zai zana tulu da fensir, ya zaɓi ruwan ƙasa, ya danna cikinsa, sai ga fuskar kwamfuta gaba ɗaya ta rine. Layinsa bai haɗu ba. Ya bar 'yar kafa wadda ƙila faɗinta ɗigo ɗaya ne, ido ba ya ganinta.

Abin da malami zai yi a wannan lokaci shi ke raba darasi mai amfani da marar amfani. Mafi sauƙi shi ne ya karɓe linzamin ya gyara ya wuce, kuma da yawanmu haka za mu yi saboda sauran yara na jira. Na roƙe mu mu daure. A tambayi yaron: ta ina fentin ya bi ya fita? A nuna masa madubin ƙara girma, ya bi gefen tulun da kibiya har ya gano kafar, ya toshe ta, ya sake zubawa. Yaron da ya yi wannan ya koyi cewa na'urar ba ta yi masa mugunta ba, abin da aka sa ta shi ta yi, kuma ɓarnar na da dalili wanda ake iya nemowa. Irin wannan bin diddigi shi ne aikin yau da kullum na masu rubuta manhaja, ga shi ɗan aji biyu ya fara shi bai ko iya karanta jimla ba.

Sai madannin warware kuskure, wanda a yawancin manhajoji ake samu ta haɗa Ctrl da Z. A koyar da shi tun ranar farko da aka fara zane. Yaranmu na tsoron kuskure, kuma suna da hujja: magogi na yaga takarda, littafin rubutu kuɗi ne, wani wurin ma ga bulala. Yaron da ke tsoro ƙaramin zane yake yi a gefen takarda, ya rufe da hannu. In ya tabbata duk abin da ya ɓata zai iya mayar da shi yadda yake, sai ka ga ya fara gwada launuka da siffofin da ba a ce ya gwada ba. Malami dai ya san iyakar manhajarsa, domin tsohon Paint na Windows XP, wanda har yanzu akan tarar a wasu makarantu, taku uku kawai yake iya komawa baya.

Abin da za a zana

Littattafan da ake shigowa da su sukan ce yaro ya zana tuffa ko mutum-mutumin ƙanƙara ko gida mai bututun hayaƙi. Yaron Gumel ko Maraɗi bai san waɗannan ba sai a hoto, kwaikwayo kawai zai yi. Bayan haka akwai damuwar da bai kamata a yi shiru a kanta ba. Iyaye da yawa ba sa son a sa 'ya'yansu zana abu mai rai, saboda fahimtarsu ta addini. Malamin firamare ba shi da buƙatar shiga wannan muhawara, kuma kuskure ne ya raina damuwar, domin uban da ya ji an taɓa masa addini zai iya hana ɗansa darasin baki ɗaya. Abin zanawa ya yi mana yawa ma ba tare da an je nan ba.

Mu dubi zayyanar da ake yi wa allo ranar saukar Alƙur'ani, da adon bangon gidajen Zariya da Kano, da dagi, da aska takwas a ƙirjin babbar riga, da saƙar faifai da tabarma, da zanen ƙwarya, da lallen da 'yan mata ke kallo ana yi wa yayyensu. Dukkansu an gina su ne da layi da alwatika da da'ira, ana maimaitawa, ana kuma sa ɓangare ya yi daidai da ɗan'uwansa. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da manhajar zane ta fi iyawa. Yaro ya zana alwatika ɗaya, ya kwafe ta, ya manna sau goma a jere, ya sami bakin tabarma. Ya zana rubu'in ado, ya kwafa, ya juya kwafin ta gefe, ya sake kwafar rabin ya kifa shi, sai ga cikakken ado mai ɓangare huɗu. Ya koyi kwafa da mannawa, waɗanda zai yi ta amfani da su muddin yana taɓa kwamfuta, ya kuma shiga lissafin siffofi ba tare da an kira masa sunan darasin ba. Game da zayyana, adon gefe kawai za a ɗauka. Kada a sa yara rubuta ayoyi a fayil ɗin da za a share gobe.

In aka ƙara girman zane sosai aka kunna layukan raga, yaro zai ga hoton nan da yake ɗauka sumul ne ashe ƙananan gidaje ne a jere, kowane da launinsa. Hanya mafi sauƙi ta bayyana masa wannan ita ce a miƙa masa hula ya kusanto da ita idonsa, ya ga adon da ake hange daga nesa ɗinki ne ɗaya bayan ɗaya. Daga nan a ba shi fili mai gida goma a tsaye goma a kwance ya tsara adon hularsa. Makarantar da ta gayyato mai ɗinkin hula ko wata uwa mai saƙar faifai ta nuna wa yara yadda take ƙirga adonta, ta sami darasi mai kyau, ta kuma sami amincewar unguwa.

Daga zane zuwa umarni

Mataki na ƙarshe, ga 'yan aji uku, shi ne yaro ya daina jan layin da hannunsa, ya gaya wa kwamfuta yadda za ta ja. Wannan tunani na Seymour Papert ne, masanin lissafi haifaffen Afirka ta Kudu, wanda ya yi aiki tare da Jean Piaget a Suwizalan kafin ya koma jami'ar MIT a Amurka. A 1967 shi da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka ƙirƙiri harshen Logo domin yara. Abin da ya fi shahara a cikinsa shi ne kunkuru, wanda da farko 'yar na'ura ce mai taya da ke yawo a ƙasa ɗauke da alƙalami, daga baya ya koma alama a fuskar kwamfuta. Umarninsa kaɗan ne: yi gaba taku kaza, juya dama ko hagu digiri kaza, ɗaga alƙalami, sauke alƙalami, maimaita.

Murabba'i shi ne a yi gaba taku 100, a juya dama digiri 90, a maimaita sau huɗu. In aka zo alwatika mai gefe daidai, kusan kowa, har manya, 60 yake fara sa wa, saboda haka aka koya masa kusurwarta. Sai kunkuru ya ƙi rufe siffar. Amsar 120 ce, domin abin da ake ƙirgawa shi ne yawan juyin da mai tafiya ya yi, kuma duk wanda ya zagaya ya dawo yana fuskantar inda ya fara ya juya digiri 360 cif. Papert, a littafinsa Mindstorms na 1980, ya nace cewa yaro ya fara zama kunkurun da jikinsa. Wannan ya yi mana daidai, domin ba ya buƙatar wuta. A fita fili, yaro ɗaya ya riƙe sanda yana ja a ƙasa, sauran su ba shi umarni da Hausa, shi kuma kada ya yi sai abin da aka faɗa. Ba sai an ambaci digiri ba a farko, juyi cikakke da rabi da kwata sun isa. Manhajar Scratch, wadda MIT ta fitar a 2007, ta gaji wannan tsari, tana da alƙalamin da ake sarrafawa da tubalan umarni maimakon rubutu.

Manhaja, wuta da cinkoso

Paint yana tare da Windows tun 1985, don haka kusan duk kwamfutar da aka kawo makaranta tana da shi. Aibinsa shi ne don manya aka yi shi, alamominsa ƙanana ne, ajiye aiki kuma sai an buga suna. Tux Paint, wanda Bill Kendrick ya fara fitarwa a 2002, kyauta ne, ba ya buƙatar intanet, alamominsa manya ne, kuma yana ajiye zane da ƙaramin hotonsa ba tare da an rubuta komai ba. Ga 'yan aji ɗaya shi na fi so. Sai dai yana da hatimai, wato hotunan da aka riga aka zana waɗanda yaro zai danna kawai su fito. Lowenfeld ya yi adawa da littattafan shafa launi saboda suna sa yaro ya raina zanen hannunsa, kuma hatimi ma haka yake yi. A kashe su a saiti har sai zango ya yi nisa.

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma a makarantun gwamnati da yawa a biranenmu adadin ya ninka haka, kwamfutocin da ke aiki kuma ƙila ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba. An taɓa gwada magance wannan ta raba wa kowane yaro tasa. Shirin da Nicholas Negroponte ya ƙaddamar a 2005 ya yi gwaji a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja a 2007, amma bai yaɗu a ƙasar ba. A Peru, inda aka raba da yawa, binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 a kan makarantun karkara 319 bai ga ƙarin maki a lissafi da harshe ba. Na'ura ta isa hannun yara, amma yadda ake koyarwa bai sauya ba. Ni dai na fi yarda da kwamfuta biyar da malamin da ya tsara aikinsa a kan hamsin da aka jibge babu tsari.

Tsarin kuwa shi ne a kasa ajin kashi uku. Kashi ɗaya na fili suna wasan kunkuru, kashi ɗaya na tsara zanensu a takarda ko allo, na uku na kan kwamfuta bibbiyu, ɗaya riƙe da linzami ɗaya na nuni, su sauya in an buga ƙararrawa. Wanda ya iso da zanensa a hannu ba ya ɓata lokacinsa wajen tunanin abin da zai yi. Minti goma sha biyar zuwa ashirin ya ishi ɗan aji ɗaya. A makarantun da ke da nazare a tuna cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 kada 'yan shekara biyu zuwa huɗu su wuce awa ɗaya a rana suna zaune gaban irin waɗannan na'urori, kuma wayar gida na cikin lissafin. Malami ya riƙe sunayen masu juyi a rubuce. In aka bar wa yara su raba, masu ƙarfi da surutu za su mamaye, 'yan mata da masu kunya su ƙare zango suna kallo ta kafaɗar wani. Batun wuta kuma, kwamfutar tafi-da-gidanka mai batir ta fi ta tebur dacewa, domin in an ɗauke wuta aikin yaro bai tafi ba, kuma ƙaramar sola na iya ɗaukarta.

Aunawa da shirya malami

Ba a auna wannan darasi da biro da takarda. Malami ya tsaya bayan yaro ya duba ko yana kai kibiya inda ya nufa, ko yana rufe siffa ya zuba mata launi, ko yana warware kuskurensa ba tare da ya kira kowa ba, ko yana ajiye aikinsa ya sake buɗe shi. Kyan zane ba ya cikin abin da ake ba maki. A ajiye zanen kowane yaro na farkon zango da na ƙarshe, a nuna wa iyaye ranar karɓar sakamako, a kuma bar yaron ya yi bayanin yadda ya yi shi da harshen da ya fi iyawa.

Duk wannan ya rataya ne a kan malami, kuma da yawa daga cikin malamanmu su ma a allo aka koya musu kwamfuta, don haka laifin ba nasu ba ne. Roƙona ga kwalejojin ilimi shi ne kada ɗalibin sashen firamare ya fita koyarwar gwaji sai ya zauna ya yi waɗannan darussa da kansa, tun daga share jagwalgwalo har zuwa alwatikar kunkuru. A sa shi ya yi wani ɓangare da hannun da bai saba da shi ba, domin ya ɗanɗana abin da ɗan shekara shida ke ji. Ranar da mai duba shi zai zo, ya zauna a ajin har fenti ya malale wa wani yaro, ya saurari tambayar da ɗalibin zai fara yi masa, ya rubuta ta a cikin rahotonsa.